Baba ya daina yarda da komai: amsa ga mai tambaya daga Kuseri

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Kuseri ne, ina da ɗan shagon gyaran waya. Shekarun baya mahaifinmu duk abin da aka turo masa a WhatsApp sai ya ɗauka ya yaɗa, mu ne muka yi ta nuna masa wannan ƙarya ne wancan haɗi ne. To yanzu abin ya juye, Baba ba ya yarda da komai, rediyo ƙarya, gwamnati ƙarya, likita ƙarya, har lokacin da aka yi ta sanarwa ruwan Logon na tasowa mutanen bakin kogi su tashi, cewa ya yi haɗin kwamfuta ne sai da ruwa ya shigo mana tsakar gida. Malam me ya jawo haka, wayar ce ta lalata mu ko me? Kuma yaya za mu yi da shi? Don wallahi ni ma na fara zama haka."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanina Allah ya yi maka albarka da ka damu da mahaifinka har ka zauna ka rubuto, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya mayar muku da abin da ruwa ya ci. Na karanta saƙonka sau biyu, kuma in na fahimce ka daidai gane labarin ƙarya ba shi ne damuwarka ba, wannan kai mai gyaran waya ka riga ka san rabinsa. Abin da kake tambaya shi ne yaya dattijo mai hankali wanda ya ga jiya ya ga yau zai tashi daga yarda da kowa ya koma ƙin yarda da kowa, kuma ko akwai yadda za a dawo da shi tsakiya. Ni aikina rediyo ne, na haura shekara 20 ina yi tsakanin Garwa da Marwa a nan arewacin Kamaru, 'yan shekarun nan kuma ina zama da matasa muna koyon tantance labari, to da wannan idon zan ba ka amsa.

Ka fara ajiye wannan a ranka, Baba bai rikice ba. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ku 'ya'yansa kun yi shekaru kuna nuna masa abin da ya gani da idonsa a waya ƙarya ne, kuma gaskiya kuka faɗa, sai dai kun karɓe masa sandar da yake dogarawa ba ku miƙa masa wata ba. Kun ce kar ya yarda da wannan kar ya yarda da wancan, ba wanda ya zauna ya ce masa to Baba ga wanda za ka tambaya. Ni ma da na fara koyarwa haka na yi ta yi, in kawo hotunan bogi goma in nuna wa yara, su fita suna murna sun waye, bayan wata biyu sai in ji su suna ƙaryata labarin da ni da kaina na je wurin na gani. A nan na gane rabin darasi nake bayarwa.

Da can labari yana da mai shi

Kada wani ya ce maka da ba a ƙarya. Ana yi sosai, ji-ta-ji-ta ta girmi waya nesa ba kusa ba. Abin da ya bambanta shi ne kowane labari yana zuwa da fuskar wanda ya kawo shi. In bulama ko lawan ya sa aka yi shela, an san daga ina maganar ta fito, in ta zama ba haka ba an san ƙofar da za a je. In direban babbar mota ya sauka a tasha ya ce hanyar Waza ta lalace, mutane sun san shi, sun san ko mai ƙarin gishiri ne, kuma gobe zai dawo tashar ya haɗa ido da su. Mutumin da aka kama da ƙarya sau biyu sau uku, shi kenan, ko wuta ya ce ta kama sai an leƙa tukuna. Rediyo ma a kan wannan ta samu karɓuwa. BBC Hausa ta fara tun 1957, Jamus suka biyo a 1963, Muryar Amurka 1979, RFI ta buɗe sashen Hausa a 2007, iyayenmu sun san muryoyin nan kamar na maƙwabta, sun san lokacin da kowa ke shigowa, kuma sun lura wace tasha ce in ta yi kuskure take dawowa ta gyara. Kai ka duba ma yadda malamanmu na hadisi suka yi, ba su karɓar magana don ta yi daɗi, sai sun tambaya wa ya faɗa, daga wa ya ji, shi wannan ɗin mai riƙo ne ko mai mantuwa, an taɓa kama shi da ƙarya ko a'a. Isnadi kenan. Mutanenmu ko ba su yi karatu mai zurfi ba da wannan tunanin suka tashi, shi ya sa in ka kawo magana ake ce maka in ji wa.

Kuma ko a wancan lokacin in amana ta karye ana jin jiki. A 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara a Kano, yara 11 cikin waɗanda aka sa a gwajin suka rasu. Da aka zo 2003 maganar cewa allurar shan inna tana hana haihuwa ta tashi, mutane suka tuna da wancan, Kano ta dakatar da rigakafin sai a 2004 aka dawo, cutar kuma ta tsallako har Chadi da Kamaru da wasu ƙasashe da dama. Babu WhatsApp a lokacin fa. Na kawo wannan ne don ka ga tun asali ƙarya tana samun wurin zama ne a inda aka taɓa cin amanar mutane.

Abin da waya ta canza

To me waya ta zo da shi? A ganina babban abin shi ne ta yanke isnadi. Ka ɗauki vokal ɗin nan da ake turawa, saƙon murya. Wani mutum da ba ka sani ba, ba suna ba gari ba kwanan wata, ya fara da sallama da salati, ya yi rantsuwa, ya ce ɗan'uwansa da ke aiki a wuri kaza ne ya gaya masa, ya rufe da cewa don Allah a tura wa duk musulmi. Saƙon nan ya bi hannu ɗari kafin ya iso wayar Baba, amma sunan da Baba zai gani a sama shi ne na ƙanwarsa ko na abokin sallarsa, to sai amanar da yake ba ƙanwar tasa ta hau kan maganar baƙon da ko ita ba ta sani ba. Ita ma ba da mugun nufi ta turo ba, tsoro ta ji ta ce gara ɗan'uwana ya sani. Ranar da ta bayyana ƙarya ce, wa za a kama? Babu. Mai muryar ya ɓace, sai ƙanwa da aboki su kwashi kunyar, gobe in sun kawo gaskiya ma ana kallonsu da wancan idon. Kuma a yankinmu vokal ya fi rubutu ƙarfi saboda da yawa ba sa karanta Faransanci, magana ce da Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Shuwa ko Barbarci, cikin gurup ɗin da ba mai ganin abin da ke ciki sai 'yan gurup, masu bin diddigin labarai irin su Africa Check da Dubawa da StopBlaBlaCam suna ƙoƙari amma yawancin aikinsu a rubuce yake, shi kuwa wanda ya fi bukata mega ɗinsa na WhatsApp ne kawai, ba zai buɗe wani shafi ya ƙone kuɗinsa ba.

Sannan ga sauri. Masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun fitar da wani nazari a 2018, sun bi labarai kusan 126,000 da suka yaɗu a Twitter daga 2006 zuwa 2017, suka samu labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu sake turawa da kashi 70 cikin ɗari, kuma gaskiya tana ɗaukar kusan ninki 6 na lokaci kafin ta kai ga mutum 1,500. Abin da ya fi tsaya min a rai a binciken shi ne mutane ne suka fi yin aikin, ba na'ura ba. Dalilin a fili yake, mai ƙarya yana da 'yancin ƙera labari yadda zai fi tayar da hankali, mai gaskiya kuwa abin da ya faru kawai gare shi, sau da yawa ma ba shi da armashi. Su kansu masu WhatsApp sun san da matsalar, shi ya sa a 2018 suka fara sa alamar cewa turowa aka yi, a 2019 suka rage turawa zuwa wuri 5 a lokaci guda, a 2020 saƙon da ya sha yawo sai wuri ɗaya. Ya rage amma bai hana ba. Ka ƙara da masu cin abinci da abin, yaro ya gane in ya sa hoton gawa ya rubuta innalillahi zai samu mabiya, mabiya kuma kuɗi ne. Ka ƙara da manyan ƙasashe, a Disamban 2020 Facebook ya sanar ya rufe shafukan bogi da ke da alaƙa da wasu mutane a Faransa da wasu a Rasha, suna shigar 'yan Afirka suna faɗa da juna a kan Afirka ta Tsakiya da wasu ƙasashen yankin, mu kuma muna karantawa muna zaton 'yan'uwanmu ne ke muhawara.

Yanzu ga wanda ya taɓa Baba kai tsaye. Mu Hausawa mun ce gani ya kori ji, duk gardamar da ake in an kawo hoto ta ƙare. Wannan karin maganar ce fasaha ta raunata. Da farko ma ba wata fasaha mai zurfi, tsohon hoto ne na wata ƙasa a ɗauko a ce jiya ne a Mora ko Fotokol, har yau kuma wannan shi ne mafi yawan abin da ke zuwa hannuna, ya fi haɗin kwamfuta yawa nesa. Daga ƙarshen 2022 da ChatGPT ya fito, manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka cika ko'ina, a Maris 2023 duniya ta ga hoton Fafaroma cikin wata farar rigar sanyi wanda bai taɓa sawa ba, mutane da yawa suka yarda. Amma ka lura da wani abu, tun kafin na'urar ta ƙware ɓarnar ta fara. A 2018 maganar cewa Buhari ya mutu an kawo wani Jibrin daga Sudan ta yi ƙarfin da sai da shi da kansa ya fito a Polan ya ce shi ne. A Gabon Ali Bongo ya yi jinya bayan shanyewar ɓarin jiki, da aka fito da bidiyonsa na sabuwar shekara a ƙarshen 2018 mutane suka ce haɗi ne, ranar 7 ga Janairun 2019 wasu sojoji suka yi yunƙurin juyin mulki suna kafa hujja har da yadda ya fito a bidiyon. Wato sanin cewa ana iya haɗawa kaɗai ya isa ya kashe yarda, ko ba a haɗa komai ba. Kuma wanda ya fi cin ribar haka shi ne mai laifin da aka ɗauka a bidiyo na gaskiya, yanzu kalma ɗaya zai faɗa, haɗi ne, ya wuce abinsa.

In ɓera da sata daddawa ma da wari

Zan yi rashin adalci in na ɗora wa waya duka laifin, don Baba ya ga abubuwa da idonsa. A Yulin 2018 wani bidiyo ya yaɗu, sojoji sun tasa mata biyu da yara biyu a gaba, ɗaya goye a baya, suka harbe su a bakin hanya. Ministan yaɗa labaran Kamaru na lokacin ya fito ya ce labarin ƙarya ne, wasu suka ce ai a Mali ne. Amnesty ta ce a'a sojojinmu ne, sannan 'yan jaridar BBC Africa Eye suka zauna da bidiyon, suka ɗauki layin duwatsun da ke bayan mutanen suka daidaita da hoton tauraron ɗan'adam har suka gano wurin kusa da Zelevet a Mayo Tsanaga, suka duba gine-ginen da ke wurin da tsawon inuwar mutane a ƙasa suka ce a 2015 aka yi, wajen ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu. Gwamnati ta kama sojoji 7, a Satumban 2020 kotun soja a Yawunde ta ɗaure 4 shekara goma-goma, ɗaya shekara 2. Wannan labarin kullum ina ba ɗalibaina shi saboda fuska biyu gare shi. Ya nuna fasahar nan da muke kuka da ita ita ce ta tono gaskiyar matan nan, Allah ya ji ƙansu. Ya kuma nuna abin da ke faruwa in hukuma ta kira gaskiya ƙarya, duk wanda ya ji wancan musun sannan ya ji hukuncin kotu, gobe in aka ce masa wani labari ƙarya ne zai ce haka kuka ce wancan karon.

Sai kuma shiru. Ahmed Abba wakilin RFI Hausa, an kama shi a Marwa a Yulin 2015, aka yanke masa shekara 10 a 2017, sai a Disamban shekarar ya fito bayan ɗaukaka ƙara. Ba sai na gaya maka yadda jikin 'yan jaridar yankin nan ya yi sanyi ba, kowa ya riƙa auna kalma kafin ya furta, mai sauraro kuwa ba yaro ba ne, yana jin harbi da dare da safe ya buɗe rediyo ya ji ana maganar wani abu daban, dole ya koma wurin mai vokal. A Satumba da Oktoban 2024 Shugaba Biya na Kamaru ya yi makonni ba a gan shi ba bayan taron Sin da Afirka, ji-ta-ji-ta ta cika gari, sai ministan cikin gida ya hana kafafen labarai tattauna lafiyarsa, ranar 21 ga Oktoba ya sauka Yawunde lafiya lau, amma makonnin nan na shiru sun koya wa mutane neman labari a bayan fage. Ku da ke bakin gadar Ngeli da ta haɗa Kuseri da Chadi kun fi ni sanin yadda Chadi ta rufe WhatsApp da Facebook daga Maris 2018 har Yulin 2019, wata 16, mutane suka koma VPN, manhajar da ake zagaye toshewar da ita, maganganu ba su tsaya ba sai dai suka shige inda ba mai iya gyara su. Doka kuma akwai ta, dokar 2010 kan laifukan intanet a Kamaru ta tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2 da tarar sefa miliyan 5 zuwa 10 ga wanda ya yaɗa labarin da ba zai iya tabbatarwa ba. Ka gaya wa masu tura komai su sani. Amma ni ban taɓa ganin tsoron ɗauri ya sa wani ya yarda da wani ba.

Mu 'yan jarida ma da namu kason, kuma zan faɗi nawa. A 2015 bayan hare-haren ƙunar baƙin wake na Marwa, gari a tsorace, ina cikin shiri kai tsaye aka kira ni sau uku daga lambobi daban-daban cewa wani abu ya tashi a kasuwar wani gari. Na ɗauka kira uku shaida uku ne, na faɗa a iska da cewa rahotanni na cewa. Ashe duk su ukun daga bakin mutum ɗaya suka ji, tayar babbar mota ce ta fashe. Mata suka fita ba mayafi suna neman 'ya'yansu a makaranta, 'yan kasuwa suka watse aka yi asarar kaya, wata tsohuwa ta faɗi ta karye a hannu. Na dawo na ba da haƙuri a iska sau uku a ranar, amma wani dattijo da ke saurarona shekaru ya same ni ya tambaye ni in ni ma na fara faɗin abin da ban tabbatar ba su kuma wa za su tambaya. Har yau maganar tana damuna. Tun ranar in mutum ya kira ni tambayata ta farko ita ce kai ka gani ko gaya maka aka yi, in gaya masa aka yi sai in ce ba ni lambar wanda ya gaya maka.

To yaya za ku yi da Baba

Ku daina ce masa ƙarya ne, ku daina ce masa gaskiya ne ma. Duk lokacin da kuka yanke masa hukunci kuna ƙara nuna masa cewa shi ba ya iya ganewa, dattijo kuwa ba ya son 'ya'yansa su mayar da shi yaro, wani lokacin taurin kan da kake gani kare girma ne. Ku koma tambayarsa. Baba wa ka sani a can da za mu kira? Na tabbata mutumin da ya yi shekaru a Kuseri yana da masunci ko ɗan kwale-kwale da ya sani a Logon Birni, yana da wani a Yagwa ko Bongor, ruwan da zai zo muku ta wajensu yake fara wucewa. Da a ce ranar da aka yi sanarwar an sa masa waya a kunne ya ji abokinsa na shekara 30 yana cewa Alhaji ruwa ya cinye gonata jiya, ina ganin da kansa zai ce a kwashe kaya. Yardarsa ba ta mutu ba, ta koma kan mutanen da ya sani ne, to ta nan za ku shiga. A maganar lafiya a samu ma'aikacin asibiti ɗaya da yake ganin mutuncinsa, wanda zai zauna ya saurare shi ba tare da raini ba. A maganar gari bulama ko limamin unguwa. A rediyo kuma kar ku ce ya yarda da tasha, ku ce ya saurari biyu ko uku ya ga inda suka haɗu, ya kuma riƙe wacce in ta yi kuskure take faɗa. Wannan duk abin da ya iya ne tun kafin a haife ka, tuna masa kawai za ku yi. Ayar Suratul Hujurat ma da ya sani, cewa ta yi in fasiƙi ya zo da labari a bincika, ba ta ce a toshe kunne ba, kuma in maganar ta fito daga bakin malaminsa ta fi shiga fiye da daga bakinka.

Akwai wani ma'auni da nake amfani da shi in lokaci ya ƙure ba damar bincike, kai ma da ka ce ka fara zama haka zai yi maka amfani. Ka tambayi kanka, in na yarda ya zama ƙarya me zan rasa, in na ƙi yarda ya zama gaskiya me zan rasa. Sanarwar ambaliya, in ka tashi ruwa bai zo ba ka yi asarar kuɗin amalanke da kwana biyu a gidan dangi, in ka zauna ya zo kuwa kun riga kun gani. A irin wannan ka yi aiki da labarin ko kana shakka. Amma saƙon da ke ce maka ka sha wani abu, ko ka tura kuɗi, ko ka hana yaro allura, ko wanda ke ce maka ƙabila kaza na shirin far muku, a nan yardar ce mai tsada, sai ka tsaya cak har ka tabbatar. A Agustan 2014 saƙo ya zagaya Najeriya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha don kare Ebola, aƙalla mutum 2 suka mutu wasu suka kwanta asibiti. Ku kuma a Logon da Shari kun ga rikicin da ya faru a Disamban 2021 tsakanin Musgum da Larabawan Shuwa, dubban mutane suka tsallaka Chadi, a irin wannan lokacin vokal ɗaya na iya zama ashana, wanda ya riƙe shi bai tura ba ya taimaki garinsa.

Dabarun waya kuwa ba zan tsawaita ba tunda sana'arka ce. Hoto ka sa shi a Google Lens ka ga ko ya taɓa fitowa a wata shekara. Bidiyo ka duba lambar mota, rubutun shaguna, kakin jami'ai, harshen da ake yi a baya, ka duba ciyawa, in an ce jiya ne a watan Maris kuma ka ga ƙasa kore shar to ba yankinmu ba ne ko ba jiya ba ne. In aka kira Baba da murya irin taka ana kuka a turo kuɗi ta Orange Money ko MoMo, ya kashe ya kira lambarka da kansa, ko ya yi tambayar da ɗan gida kaɗai zai iya amsawa, don yanzu ana iya kwaikwayon muryar mutum da ɗan guntun maganarsa.

Sai dai in gaya maka iyakar abin da ke hannuna. Alamomin da muke koyarwa shekara biyu baya, yatsu shida, baki da murya ba sa tafiya tare, yawancinsu sun daina aiki, na'urar ta gyara. Manhajojin da ake cewa suna gane haɗi ma suna kuskure ta kowane ɓangare, ni da nake koyarwa akwai bidiyon da ya wuce ni sai daga baya na gane. Shi ya sa na fi jingina ga wa ya kawo fiye da yaya yake a ido. Kuma abin da hukuma da kamfanoni da mu 'yan jarida muka ɓata cikin shekaru, ɗa ɗaya ba zai gyara shi a tsakar gida ba, mai yiwuwa Baba ba zai sake yarda da sanarwar gwamnati yadda yake yi da ba, ku dai ku nemi ya samu mutum uku ko huɗu da zai ji maganarsu a lokacin haɗari. Abu ɗaya kuma da ya wuce fagena, in ka ga zargin ya fara shigowa cikin gida, yana zargin abincin da aka ba shi ko iyalinsa, ko mantuwa ta yi yawa, wannan ba maganar waya ba ce, ku kai shi wurin likita cikin girmamawa.

Kafin damina mai zuwa ka samu lokacin da yake cikin nishaɗi, bayan la'asar ko wajen shayi, ka tambaye shi labarin manyan ambaliyar da ya gani a rayuwarsa da yadda suke sanin ruwa na zuwa a wancan zamanin, za ka ji sunayen mutane da garuruwa. Ka nemo lambobin waɗanda ke raye ka sa masa a waya da manyan haruffa, in ruwa ya fara tasowa a watan Satumba shi za ka ce ya kira su ya gaya muku abin da suka ce. In kun gwada ka sake rubuto min yadda ta kaya, ka gaishe min da shi.